Muzuru Ya Hana Kyanwata Sakat

Tambaya: Anti, wani baƙin muzuru mai tsagaggen kunne yana dirowa ta katangarmu a Jekadafari, Gombe, kullum bayan isha'i. Ya cinye abincin kyanwata, shekaranjiya kuma ya yage mata wuya. Maigidana ya ce a sa masa guba. Me zan yi?

Amsa: Ƙanwata, ki ba Maigida haƙuri, batun guba a bar shi. Kyanwarki ce za ta fara ci, ko kajin maƙwabta, ga kuma alhaki.

Abinci ne ke kawo shi. Ki ciyar da ita da rana, magariba na yi ki ɗauke kwanon, ki rufe bola, ita kuma ta kwana a ɗaki. Nawa muzurun, kan kifi ne ya saba masa da gidana. Da na daina zubarwa a tsakar gida, na watsa masa ruwa dare uku, ban ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Raunin nan ya fi damuna. Cizon mage yakan rufe ta sama ya yi ruwa ta ciki, kuma mage na ɗaukar cutar haukan kare. Ki kai ta wurin likitan dabbobi yau. In ya yakushi yaro, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, sai asibiti.