Tambayi Likita: Himofiliya Mai Sauƙi da Lafiyar Gaɓoɓi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana ɗan shekara 12 yana da himofiliya, cutar rashin daskarewar jini. An ce tasa mai sauƙi ce, Fakta 8 ɗinsa, wato sinadarin da ke taimaka wa jini daskarewa, kashi 15 cikin ɗari. Gaɓarsa ba ta taɓa kumbura ba, amma in ya dawo daga ƙwallo yakan ɗan ɗingisa. Ko da abin damuwa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada kalmar "mai sauƙi" ta sa ki saki jiki. Abin da take nufi kawai shi ne sinadarin yana tsakanin kashi 5 da 40, don haka jini bai cika zuba haka kurum ba sai an bugu. Amma ƙaramin buguwa kan sa jini ya tsattsafa cikin gaɓa ba tare da kumburi ba. Sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin sai ya kwanta a tantanin gaɓar, tantanin ya yi kauri, ya fitar da sababbin jijiyoyin jini masu saurin fashewa, guringuntsi kuma ya riƙa cinyewa. Wanda ya cinye ba ya dawowa. Idon sawu, gwiwa da gwiwar hannu suka fi shan wahala.

A gida, sau ɗaya a wata ki kwatanta dama da hagu: ya miƙe, ya lanƙwasa, ya tsuguna dugadugansa na ƙasa. Ki taɓa ko ɗaya ta fi ɗumi, ki auna kaurin sha-raɓa da tef, domin ƙafar da ake lallaɓawa takan rame. Ki rubuta kwanan wata.

A asibiti kuwa, a duba gaɓoɓin nan shida duk shekara da HJHS, wato ma'aunin lafiyar gaɓoɓin masu himofiliya, a haɗa da sikanin gaɓa. Hoton ƙashi ba ya nuna ɓarna sai ta yi nisa. Ɗingishin nan ma ya isa dalilin kai shi yanzu.

In ya bugu, a fara maganin tsayar da jini cikin awa 2. Ya huta, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara naɗe cikin tawul na minti 15. Ki tambaya ko an gwada masa Desmopressin, wanda ke ɗaga Fakta 8 na ɗan lokaci, don ba kowa yake yi wa aiki ba. Na ciwo, farasitamol. Banda asfirin, ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jinin.