Amsa: Ƙwaya tana ƙara wa mai halwa kusanci?

Malam, ka tambaya ko ƙwayoyi masu sa gane-gane irin su LSD suna buɗe wa mai zikiri ido. A 2006 Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta fitar da binciken sinadarin wata laimar kwaɗi mai sa gane-gane, kuma da yawa cikin waɗanda aka ba su shi sun ce sun ji wani yanayi na ruhi. Amma sai da aka tantance lafiyar ƙwaƙwalwarsu, ana kuma zaune gefensu.

Mu nan Kano zaƙami muka sani. Dubi yaron da aka zuba wa a kunun zaƙi gidan biki: baki ya bushe, yana damƙar abin da babu. Wannan guba ce, ba kashafi ba. Abin da ke gusar da hankali haramun ne, babu muƙaddamin Tijjaniyya ko Ƙadiriyya da zai haɗa maka shi da wuridi.