Kyanwa ta lashi lemo, zai cutar da ita?

'Yar'uwa, kin ce kyanwarki ta lashi ɓarin lemon zaƙi, kina tsoron ko guba ne. Lasa ɗaya ko biyu ba ya kashe ta, amma kar ki sake bari ta kai bakinta, ko lemon zaƙi ko na tsami.

Haɗarin yana cikin ɓawon, musamman man nan mai ƙamshi da ke fesowa in an matse shi, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Maƙwabciyata ta taɓa goga wa tata ɓawon lemon tsami don korar ƙuma, baiwar Allah ta yini tana dalalar miyau da amai. In kin ga haka, ko zawo, ko rawar jiki, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar, kar ki ɗura mata manja.