"Ƙarfin mace yawan magana": daga bakin wa ta fito?

Wata malamar makaranta daga Garwa ta rubuto cewa ana rabon gadon mahaifinsu, ta sa baki a kan batun gona, sai baffanta ya ce, "Ƙarfin mace yawan magana." Aka yi dariya, aka wuce. Tana tambaya ko haka Hausa ta ɗauki mace.

Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku. Maganar tsohuwa ce, wai mace ba ta da ƙarfin damtse sai na baki. Tana da 'yar'uwa da ta fi ta muni: "mata dangin shaiɗan." Amma ki duba inda ake faɗinsu: zaure da majalisar maza. Turawan da suka tara karin magana a littafi, irin su Merrick a 1905 da Rattray a 1913, bakin maza suka fi ji, don baƙo namiji iyakarsa zaure. Sai a 1954 Baturiya Mary Smith ta fitar da tarihin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, wanda tsohuwar ta ba ta da bakinta.

Cikin gida kuwa mata na da nasu, masu zafi. Ki tsaya kusa da masu lugude, taɓare na sauka a turmi ɗaya, waƙa na tashi, za ki ji habaici. "Namiji ba ɗan goyo ba," wato kar ki saki jiki da shi. "Namiji barkono ne, sai an tauna a san yajinsa." Har da "namiji ƙanin ajali," wadda ba mai faɗinta sai wadda ta sha wuya a gidan aure. Duk Hausa ce wannan.

Abin da baffanki ya yi, toshe baki ne, kuma ya ɓata min rai. Rabon 'ya mace Alƙur'ani ya yanka shi, a Suratun Nisa'i, aya ta 11. Ki je da malamin da ya san rabon gado, ki sake tayar da maganar gonar.

Wani kuma daga Injamena yana tambayar ma'anar "mijin-ta-ce." Malam, shi ne wanda kome aka tambaye shi sai ya ce "ta ce," wato matar ce ke juya gidan. Gori ne, ana yi har ga wanda shawara kawai yake yi da iyalinsa. Ba mu da "matar-ya-ce," don an ɗauka kowace matar aure haka take.