Matata ta ce gara ta mutu: raunin imani ne ko ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Mabera, Sakkwato. Matata ta haihu wata huɗu da suka wuce, kuma tun da aka gama arba'in ta canza: kuka ba dalili, ba ci ba barci, jinjirin ma sai an miƙa mata. A da har tsayuwar dare take yi, yanzu Azahar kan kai La'asar ba ta tashi ba. Na ji ta da kunnena tana cewa gara ta mutu kowa ya huta. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. Mahaifiyata ta ce iska ce, wani malami kuma ya ce mumini ba ya ciwon damuwa, raunin imani ne, a bar ƙwaya a kama zikiri. Sai na dakatar da maganin. Shin ya halatta ta sha? Kuma tana da zunubin sallolin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya abin da aka samu.

Ɗan'uwa, ka tambayi magani da salla, amma abin da ya fi tsayar da ni a saƙonka shi ne "gara ta mutu kowa ya huta". Wannan kalma ita ce ta sauya hukuncin. Neman magani a asali halal ne, babu mai jayayya. To amma idan ana jin tsoron halakar rai, kuma masana sun ce akwai magani, barinsa bai halatta ba. Don haka mayar da ita wurin likita wajibi ne a kanka, a yau ko gobe, kuma ka faɗa masa wannan kalma yadda ta fito daga bakinta, ka gaya masa ka dakatar da maganin. In wurin da kuka je babu likitan ƙwaƙwalwa, ga asibitin tarayya na Kware, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai. Ka tambaye ta a hankali ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. In ta fara jin muryoyi ko maganar cutar da jinjirin, wannan ba a kwana da shi.

Sai batun malamin da ya ce mumini ba ya ciwon damuwa. Da girmamawa, wannan magana kuskure ce, kuma ta cutar da gidaje da yawa. Masu faɗarta suna kafa hujja da ayar Suratur Ra'ad cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa, da ta Suratu Ɗaha game da rayuwar ƙunci ga wanda ya juya baya ga ambatonsa. Ayoyin gaskiya ne, fahimtar ce ta karkace. Cewa mai juya baya zai shiga ƙunci ba ya nufin duk wanda ke cikin ƙunci ya juya baya ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, wa zai ce imaninsa ya yi rauni? Nana Maryam, a daidai lokacin naƙuda, ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, kuma amsar da ta zo mata ba tsawa ba ce: kada ki yi baƙin ciki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankali. A hadisin Buhari da Muslim, Annabi (SAW) ya jera damuwa da baƙin ciki tare da ciwo da gajiya cikin abubuwan da ke samun Musulmi su kankare masa zunubi. Nana A'isha kuma takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na sha'ir, tana cewa ta ji Annabi (SAW) ya ce tana tafiyar da sashen baƙin ciki. Ashe abin da ake sha ta baki yana taɓa halin zuciya, da nassi.

Kuma ba Turawa suka fara wannan bayani ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili kamar rasuwa ko asara, da wanda ke danne mutum ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar maganin jiki. Nan Sakkwato ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Likitocin yau sun ce idan ƙunci da yankewar sha'awar komai suka wuce mako 2 a jere, tare da rikicewar barci da ci, ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego na fama da shi. Ka lura da abin da ka rubuta da kanka: matar da ke tsayuwar dare, ciwon ya zo sannan salla ta yi nauyi. Ciwon ne ya haifi kasalar, ba kasalar ta haifi ciwon ba.

Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in Annabi (SAW) halal ce, ka yi mata da kanka, ba ta cin karo da ƙwaya. Amma duka, shaƙa hayaƙi da ɗaure mara lafiya da sunan fitar da iska zalunci ne. Mahaifiyarka ka lallaɓa ta da ladabi, tausayi ne ya sa ta magana, sai dai biyayya ba ta kai ga hana mara lafiya magani ba.

Maganin da likita ya rubuta ba abin maye ba ne, kada a kwatanta shi da tiramol ko kodin. Yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. A sanar da likita tana shayarwa.

Salla kuwa ba ta faɗi a kanta ba, tunda hankalinta bai gushe ba. Ta yi yadda za ta iya, a zaune ko a kishingiɗe, da gajerun surori. Tana iya yin Azahar a ƙarshen lokacinta ta bi ta da La'asar a farkon nata. Waɗanda suka kuɓuce ta rama a hankali; abin da barci, mantuwa ko rinjayen ciwo suka jawo babu zunubi a cikinsa. Kalmar fatan mutuwa an hana ta, amma wanda ciwo ya matse bakinsa ba a yi masa hisabin mai lafiya. In ta natsu ka koya mata ta ce: Allah Ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri a gare ni.

Kai kuma, kada ka yi mata wa'azin wuta a wannan hali, kada ka tayar da zancen ƙarin aure ko na mayar da ita gidansu don huce haushi. Ka samo 'yar'uwarta ko mahaifiyarta ta riƙa karɓar jinjirin da dare ta samu barci, kuma ka riƙa raka ta asibiti da kanka.

Wallahu a'alam.