Ɗaki mai araha ko na kusa da tashar metro a Alƙahira?

Tambaya: Malam, 'yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Alƙahira, a ɓangaren Giza. An samo mata ɗakuna biyu. Ɗaya a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasr, inda 'yan Najeriya suke da yawa, kuma da sauƙin kuɗi. Ɗayan a Dokki, tafiyar minti kaɗan zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma hayarsa ta fi tsada sosai. Babanta ya ce a kama mai arahar. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Tudun Jukun, Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun. Ki lallaɓa Alhaji a kama na Dokki, in aljihu zai iya ɗauka.

Mu a Zariya in an ce nisa, muna auna shi da Samaru zuwa Ƙofar Doka: ka hau bas, ka ɗan tsaya a Kwangila, ka iso. Alƙahira garin mutum sama da miliyan 20 ne, kuma gosulon titinta kan cinye awa guda a tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Abin da ke ceton talaka a can shi ne metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, irinsa na farko a Afirka. Layuka uku ke aiki. Na ɗaya ya tashi daga Helwan zuwa Marg, kimanin kilomita 44, kodayake yawancinsa a sarari yake tafiya, a tsakiyar gari kawai yake nutsewa. Na biyu ya taso daga Shubra al-Khaima, ya ratsa ƙarƙashin kogin Nilu, ya bi ta Dokki, ya tsaya a tashar da ake kira da sunan jami'ar 'yarki. Daga Dokki tasha biyu ce kacal. Ba ruwanta da danja, ba ruwanta da cinikin kuɗin mota da direba cikin Larabcin da ba ta gama ƙwarewa ba tukuna.

Ga kuma abin da na san zai fi kwantar miki da hankali: a tsakiyar kowane jirgi akwai tarago na mata zalla, an sa alama a dandamalin tashar inda zai tsaya. Mace tana da damar shiga kowane tarago, amma namiji ba ya shiga nasu. A lokacin turmutsutsun safe wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga yarinya baƙuwa.

Hayyul Ashir kuwa metro bai kai can ba. Wannan ne babban aibin tsarin gaba ɗaya: layuka uku sun yi wa gari mai girman Alƙahira kaɗan, unguwanni da yawa ko ƙarar jirgin ba sa ji. Daga can sai ta hau ƙaramar bas ta sha cunkoso kafin ta kai wata tashar layi na uku, wanda aka fara buɗewa a 2012, sannan ta keta garin daga gabas zuwa yamma. Safe da yamma, kwana biyar a mako, shekara huɗu ko fiye. Ki sa Alhaji ya lissafa kuɗin bas da na jirgi na wata guda ya ɗora a kan hayar mai arahar, ya ga abin da ya rage na rarar. Gajiyar da za ta hana ta bitar karatu da dare ma ba ta shiga lissafin ba.

Ban ce metro aljanna ba ce. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, a manyan mahaɗu irin Shuhada da ke Ramsis, da Sadat a ƙarƙashin dandalin Tahrir, da Ataba, mutum ba ya shiga jirgi da ƙafarsa, tura shi ake yi. Tsofaffin taragu na layi na ɗaya da na biyu fanka ce a ciki, da bazara ana jin jiki, duk da cewa wanda ya sha zafin Afrilu a Zariya ba zai ce an zalunce shi ba. Ta riƙe jaka a gabanta saboda 'yan sane. Kuɗin tikiti da yawan tashoshi ake yanke shi, kuma an sha ƙara shi a 'yan shekarun nan, don haka da zarar ta karɓi katin ɗaliba ta je ofishin da ake yankar tikitin wata-wata ta nemi rangwamen ɗalibai. Zancen kewar gida, ranar Juma'a babu karatu a Masar, sai ta je Hayyul Ashir ta ci tuwo da 'yan uwa ta dawo. Sharaɗi ɗaya: kada a biya dillali sai wani amintacce ya taka da ƙafarsa daga ƙofar gidan zuwa bakin tashar ya duba agogo. “Kusa da metro” a bakin dillali yana iya zama tafiyar rabin awa.

Tambaya: Zan kai mahaifina asibiti a Alƙahira, yana fama da gwiwa. Abokina ya ce mu riƙa hawa metro don rage kashe kuɗi. Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ka saukar da shi ramin nan. Tashoshi da yawa matattakala ce mai tsawo, inda akwai na'urar hawa ma ba kullum take aiki ba, kuma jirgin ba ya jiran mai sanda. Metro bai shiga filin jirgin sama ba, saboda haka tun daga sauka mota za ku nema. Ku kama masauki kusa da asibitin, ku riƙa kiran motar haya ta manhajar Uber, wadda za ta nuna maka kuɗin kafin ku shiga. Kai kaɗai in za ka fita sayo magani ko ka leƙa kasuwar Ataba, hau metro abinka, amma ka bari sai bayan goma na safe.