Ful ya kwantar da ɗana, an ce daga jinina ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shara Mansur. Ɗana mai shekara 4 ya karya da ful, waken nan mai faɗi da Larabawa ke ci, da burodin tamis, washegari idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, har sai da aka yi masa ƙarin jini. A asibiti aka ce yana da ƙarancin G6PD, wai kuma daga wajena ya gada. Ni tun ina yarinya nake cin ful, ko ciwon kai bai taɓa sa ni ba, yayyensa mata biyu ma haka. Yanzu uwar mijina ta sa ni gaba, wai jinin gidanmu ne ba shi da kyau. Yaya zan ba ɗana ciwon da ba ni da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Abin da aka gaya miki a asibiti haka yake, fassarar da aka yi masa a gida ce ta karkace. G6PD wani sinadari ne a jiki da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, shi ne ya yi wa yaron ƙaranci.

A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, kowane da abokin tafiyarsa. A kansu ƙwayoyin gado suke jere. Ke nan kusan kowace ƙwayar gado biyu muke da ita, ta uwa da ta uba, kuma ba dole su zo iri ɗaya ba: wata lafiyayya, wata mai rauni. Waɗannan nau'o'in su masana ke kira alil. Sikila misali ce da kowa ya sani. In yaro ya karɓi S daga uwa, ya karɓi S daga uba, sai ciwon ya bayyana, shi ya sa Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasimiya (wani ciwon jini na gado) kafin aure tun 2004.

Lamarin ɗanki daban ne, saboda inda ƙwayar gadon G6PD ta zauna. Biyun ƙarshe cikin 46 ɗin nan su ke raba namiji da mace: mace X biyu gare ta, namiji X ɗaya da Y ɗaya. Ƙwayar G6PD a kan X take, Y kuwa ɗan ƙarami ne, ba ya ɗauke da ita. Ki ɗauka ke randa biyu gare ki a ɗaki, ɗaya ta tsage, kina sha daga ɗayar, ba ki ma san da tsagar ba. Shi yaro randa ɗaya aka ba shi, kuma mai tsagar ce ta faɗo masa. Babansa Y ya ba shi, wanda shi ya sa ya zo namiji, X ɗinsa kuwa ba shi da wata hanya sai ta wajenki. Ba ki zaɓa ba, ba ki da ikon zaɓa. Ke ma haka kika karɓe ta daga mahaifiyarki ko mahaifinki. (Wannan lissafin ne kuma yake wanke matar da ake wa gorin haihuwar 'ya'ya mata, domin X ko Y daga maniyyin miji yake zuwa.)

Maganar jini mara kyau kuma, a gaya wa Hajiya babba cikin ladabi cewa mutane kusan miliyan 400 ke ɗauke da wannan ƙaranci a duniya. Ya yi yawa a Afirka da ƙasashen Larabawa, har da Ƙaɗif da Ahsa a gabashin Saudiyya, domin yana ba da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kamar dai AS.

Idan maigida lafiyayye ne, kowane ɗa namiji da za ki haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira, kuma kowane ciki da nasa lissafin. 'Yan matan ma rabi da rabi ne su ɗauka irin yadda kika ɗauka. Kada ki ce tunda mata ne shi ke nan. A jikin mace kowace ƙwayar halitta tana kwantar da X ɗaya ta yi aiki da ɗayan, abin da masaniyar kimiyya Mary Lyon ta bayyana a 1961. Wani lokaci lafiyayyen ne aka fi kwantarwa, sai macen ita ma ful ya kayar da ita. Don haka a gwada yayyen nasa mata, a gwada kawunnan yaron na wajenki. Shi kuma in Allah ya raya shi ya yi aure, 'ya'yansa maza ba za su gada daga wajensa ba, amma duk 'yar da ya haifa za ta ɗauki X ɗin nan.

Aikin G6PD shi ne kare jajayen ƙwayoyin jini daga sinadaran da ke fasa su, kuma ful na da irin waɗannan sinadarai. Yaron ya bar ful gaba ɗaya, ɗanye ko dafaffe, da ɗa'amiyyar Masarawa da ake yi da shi. Wakenmu na ƙosai da alale wani iri ne daban. A kwashe kafur daga akwatin kayansa. In kika sake haihuwa, a gwada jaririn, kada a sa masa lalle, ke ma ki haƙura da ful muddin kina shayarwa har sakamako ya fito. Duk inda za a rubuta wa yaro magani, ko a kemis ne, a fara faɗin yana da ƙarancin G6PD, musamman in za ku je gida hutu a ba shi maganin zazzaɓi, domin primaquine na cikin masu tayar da abin. Ranar da kika ga idonsa ya sake yin ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko yana haki ya yi laushi, kada ki tsaya jiƙa masa maganin shawara, ku nufi asibiti a daren.